Yadda za ka gane ko akwai arsenik a ruwan foraj ɗinku, da abin yi in an same shi

Tun da maganar arsenik da ciwon daji ta fara yawo a wayoyi mutane ke ta tambaya, daga nan Garwa har Marwa da Kuseri, wasu ma daga Njamena, kuma kusan tambaya ɗaya ce: ruwan foraj (rijiyar burtsatse) ɗinmu garai-garai yake, ba wari ba ɗanɗano, ta yaya za mu san lafiyarsa ƙalau? Toh ga amsar a gajarce kafin mu shiga matakai. Ido ba ya ganin arsenik, hanci ba ya jinsa, harshe ma haka. Guba ce da ke cikin wasu duwatsu da laka a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya narkar da ita a hankali, mutum ya yi ta sha shekara da shekaru bai san komai ba. Hukumar lafiya ta duniya ta sa iyaka mikrogram 10 a kowace lita (mikrogram kashi ɗaya ne cikin miliyan na gram), kuma ta ƙiyasta mutum miliyan 140 a ƙasashe aƙalla 70 na shan ruwan da ya wuce haka. An tabbatar yana jawo kansar fata da ta mafitsara da ta huhu. Hanya ɗaya ce ta sani, gwaji. Ga yadda ake yi, bi da bi.

1. Fara da lissafa inda kuke shan ruwa

Ɗauki takarda ka rubuta duk inda ruwan sha da na girki ke fitowa a gidanku. Foraj na gida, famfon unguwa, rijiyar masallaci, mai kura da ke kawo bidon (tambaye shi ina yake ɗebowa, sau da yawa ba wuri ɗaya ba ne), na makarantar yara, na gona inda ake wuni. Kowanne gwajinsa daban.

Gargaɗi: kar ka ce maƙwabci ya gwada nasa ya fito lafiya saboda haka naka ma lafiya. A Bangladesh, inda abin ya fi yin ɓarna bayan an gano shi a 1993, an sha samun famfo biyu a ƙauye ɗaya, tazarar 'yan taku, ɗaya mai kyau ɗaya guba.

In kuɗi bai kai a gwada duka ba, fara da wanda aka fi sha, sannan wanda ke kusa da inda ake haƙar zinari ko wanke shi, irin su yankin Mayo-Rey ko wajen Pala a Chadi, domin duwatsun da ke ɗauke da zinari sau da yawa suna tafe da arsenik. Haka aka gani a Obuasi ta Ghana da kuma Yatenga a arewacin Burkina Faso inda wasu foraj suka haura mikrogram 1000. Sai kuma foraj da ke cikin lakar bakin kogi ko tafki wanda ruwansa ke barin jan tsatsa a bokiti. Jan tsatsa ba hujja ba ce cewa akwai arsenik, ƙarfe ne, amma dalili ne na a sa shi gaba a layi.

2. Je labo (ɗakin gwaji) kafin ka ɗebi ruwa, ba bayan ka ɗeba ba

Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Mutum ya cika gorar lemo da ruwa ya kai, ya ce a gwada min, a karɓi kuɗinsa a ba shi takarda mai kyau da hatimi, ya dawo gida da murna, alhali abin da aka duba ƙwayoyin cuta ne da gishiri-gishiri, arsenik ko sunansa babu a takardar. Gwajin da aka saba yi wa sabon foraj ba lallai ya haɗa da shi ba. Sai ka ambace shi da baki, kuma ka ga an rubuta shi a takardar biya: arsenic total.

A Garwa akwai reshen Centre Pasteur, akwai kuma ofishin ma'aikatar ruwa da makamashi na yanki, za ka iya farawa da tambaya a can. A Njamena akwai labon ruwa na ƙasa. Ko ina ka je, yi tambayoyi huɗun nan kafin ka zaro kuɗi. Kuna gwada arsenik a nan ko aikawa kuke yi Yawunde ko Duwala? Mafi ƙanƙantar abin da na'urarku ke iya gani nawa ne? Za ku ba ni kwalba ko in zo da tawa? Kwana nawa sakamako zai fito?

Tambaya ta biyun ita ce mai muhimmanci. In na'urar ba ta ganin ƙasa da mikrogram 50 a lita, takarda za ta iya cewa ba a ga komai ba alhali ruwanka na da 40, ninki huɗu na iyaka ke nan. Kana son wadda ke gani ƙasa da 10.

Maganar kuɗi: yawanci kowane sinadari da farashinsa, saboda haka ka sa a rubuta maka jimla a takarda, sannan ka ƙara kuɗin moto, ƙanƙara, da na ajans in za a aika kudu. Foraj na unguwa bai kamata mutum ɗaya ya ɗauki nauyinsa ba, a kai maganar gaban jauro ko kwamitin famfo, a raba wa gidajen da ke sha, sai ka ga abin da ya faɗo wa kowa bai taka kara ya karya ba. Tunda an riga an biya kuɗin hanya, shawarata a ƙara da fuluwo (wanda ke ɓata haƙoran yara a wajajen Mayo-Tsanaga), da nitrat, da ƙarfe, da ƙwayoyin cuta. Na ƙwayoyin cuta kwalbarsa daban ce.

3. Ɗiban ruwan gwaji

Kayan aiki: kwalbar roba mai tsabta, alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, leda, kula da ƙanƙara.

A bakin famfo ake ɗiba, ba a randa ba, ba a bidon da ya kwana ba. Buga famfon ko kunna injin ruwan ya zuba kamar minti biyar zuwa goma domin wanda ya kwana a bututu ya fita. In foraj mai shato ne, nemi bakin da ruwa ke fita kafin ya hau tanki, don in ruwa ya zauna a tanki ƙarfen ciki yana kwantawa ya ja wani ɓangare na arsenik ƙasa, sai sakamako ya nuna ƙasa da gaskiyar abin da ke rijiyar. In da hali ɗebi biyu, ɗaya kafin tanki ɗaya a famfon da ake sha.

In kwalbarka ce, ɗauraye ta sau uku da ruwan da za a gwada, cika ta, rufe gam. Kar a wanke da omo a bar kumfa, kar a yi amfani da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshin auduga.

Gargaɗi: in labo ne ya ba ka kwalba ka ga ɗan ruwa-ruwa a ƙasanta, kar ka zubar, kar ka ɗauraye. Asid ne suka sa da gangan don ya riƙe arsenik a narke. Yana ƙona fata, a kiyaye ido, kar yaro ya riƙe, kuma kar a cika har ya tumbatsa.

Rubuta a jiki: sunan wurin, rana, lokaci, zurfin foraj in an sani. Sa a kula, kai da wuri. Kar a bar ta a bayan moto cikin ranar Afrilu ana zaga kasuwa da ita.

4. In da kit za a gwada a wurin

Wasu ƙungiyoyi da masu haƙar foraj suna da ɗan akwatin gwaji. Yadda yake aiki: a zuba ruwa daidai layin kwalbar, a maƙala 'yar takarda a murfi, a zuba garin magani kala biyu (ɗaya tutiya ce, ɗaya asid), a rufe nan take, a jira kamar minti 20 ko abin da takardar kamfanin ta ce. In akwai arsenik yana tashi ya zama iska ya taɓa takardar, ta rine daga fari zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa, sai a gwada da jadawalin kala.

Kurakuran da ake yi: buɗewa kafin lokaci saboda gaggawa, barin ruwa ya fantsamu ya jiƙa takardar, karanta kala a cikin ɗaki mai duhu, da amfani da kit da ya gama aiki ko ya sha zafi a mota. Ruwan da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai shi ma yana rina takardar ya ba da sakamakon ƙarya.

Gargaɗi: iskar da ke fita guba ce, a waje ake yi, kar a sa hanci. Takardar kuma tana da sinadarin makuri mai guba, kar a taɓa bakinta da yatsa, kar a yar inda yara ke wasa.

Kit yana da kyau wajen ware mai yawa ƙwarai da wanda babu, amma a tsakanin 10 da 25 ido na iya ruɗuwa, mutum biyu su kalli takarda ɗaya su yi gardama. Duk wanda ya nuna kala, ko yaya, a kai labo a tabbatar.

5. Karanta takardar sakamako

Abin da ke rikita mutane ma'auni ne. 10 µg/L (mikrogram 10 a lita) da 10 ppb da 0,010 mg/L duk abu ɗaya ne. Takardunmu na Faransanci waƙafi suke sawa a inda 'yan Najeriya ke sa ɗigo. Saboda haka in ka ga 0,05 mg/L kar ka ce ai ko ɗaya bai kai ba, wannan 50 ne, ninki biyar. Ninka lambar mg sau 1000 ka samu mikrogram. In ka ga alamar < a gaban lamba, ma'ana bai kai wannan lambar ba, sai ka duba lambar kanta ko ta yi ƙasa da 10.

Ƙasa da 10: a ci gaba da sha, a sake gwadawa lokaci-lokaci. Tsakanin 10 da 50: ba abin a kwana a firgice ba ne, amma a fara neman wani ruwan cikin makonnin nan, mai ciki da ƙananan yara su fara canzawa. Sama da 50: a daina sha da girki da shi. In ya shiga ɗaruruwa, yau ɗin nan, kuma a sanar da asibitin gunduma da ofishin magajin gari.

6. Raba ruwa gida biyu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne arha kuma ya fi aiki, kuma shi mutane ke tsallakewa su tafi neman na'ura. Arsenik ta baki yake shiga, fata ba ta shansa sosai. Ke nan foraj da ya faɗi gwaji bai zama na yarwa ba: wanka, wanki, wanke-wanke, alwala, shara, gini, duk ya yi. Abin da zai shiga ciki ne kawai za a nemo daga inda aka gwada aka ga lafiya. In lambar ta yi yawa ƙwarai, jarirai a yi musu wanka da mai kyau tunda suna haɗiyewa.

Abin da zai shiga ciki kuwa ya fi yadda ake zato. Shayi, kunu, koko, ruwan tuwo, miya, folere, ƙanƙarar da ake sayarwa, madarar gwangwani ta jariri, jiƙon magani. Shinkafa musamman, ita tana shanye ruwan da aka dafa ta da shi gaba ɗaya har da abin da ke ciki. Na ga gidan da aka sayo ruwan leda don sha amma Hajiya na ɗora tukunya da ruwan tsohon famfo, da aka yi mata magana ta ce "ai Malam wuta ta ci shi". Wuta ba ta cin sa.

Lissafi: gida mai mutum 8, a ba kowa lita 5 na sha da girki, lita 40 ke nan, bidon biyu masu lita 20 a rana. Lokacin zafi a ƙara na uku. A ware bidon ɗin da kala ko a ɗaura masa tsumma, kar ya cakuɗu da na wanki.

A Bangladesh fenti suka yi amfani da shi, bakin famfo mai kyau kore, marar kyau ja. Ku ma ku yi, gwangwanin fenti ɗaya ya isa unguwa, kuma yaron da aka aika ɗiban ruwa ba sai ya iya karatu ba.

Babban gargaɗi: kar tsoron arsenik ya kora ku zuwa mayo ko kududdufi ko buɗaɗɗiyar rijiya ku sha haka nan. Arsenik shekaru yake ɗauka, kwalara kuwa kwana ɗaya ta ishe ta, kuma mun san yadda take mana a arewa in damina ta sauka. In dole sai irin wannan ruwan, a tace a sa javel ko a tafasa. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono, arsenik kaɗan ne ke ratsawa cikinsa, ya fi madarar da aka dama da ruwan foraj ɗin nesa ba kusa ba.

7. Abubuwan da ba sa cire shi

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma arsenik ba ya bin tururi, ruwa ne ke raguwa shi yana nan, kamar yadda gishiri ke ƙara fitowa in miya ta ƙafe. Javel ba ya cire shi. Tacewa da ƙyalle, sanyawa a rana cikin gora, firij, randar ƙasa, tukunyar tacewa mai kyandir, gawayi, duk babu wanda za a dogara da shi. Ruwan leda ma sau da yawa daga foraj ake ɗura shi, in mai kamfanin bai gwada arsenik ba to bai fi naka sani ba, tambaye shi takarda.

8. In babu wani ruwan kusa

Ruwan sama shi ne na farko da zan duba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce. Garwa na samun wajen milimita 1000 a shekara, ke nan rufi mai murabba'in mita 50 zai iya zubo kusan lita dubu 50 kafin a cire wanda ya zube. Matsalar ba ruwan ba ce, wurin ajiya ne: bidon biyu a rana na wata shida na rani lita 7200 ne. Can sama wajen Kuseri da Njamena ruwan ya fi ƙaranci, ranin ya fi tsawo, tankin sai ya fi haka girma. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya zube, tanki a rufe saboda sauro, a sa javel.

Na biyu, na'urar osmos, wadda ke tura ruwa ta cikin fata mai ƙananan ƙofofi. Tana aiki, amma tana son wuta, tana zubar da ruwa da yawa, kuma kayan cikinta canzawa ake yi, in ba a samunsu a kasuwar garinku kar ka saya. Wani abu kuma, arsenik iri biyu ne a ruwa, kuma irin da ya fi yawa a ruwan ƙarƙashin ƙasa marar iska shi ya fi wuyar kamawa. Ana fara juya shi zuwa ɗaya irin da ɗan javel, sannan a cire javel ɗin da matatar gawayi kafin ya kai ga fatar don yana lalata ta. Mai sayarwa da bai san wannan ba, nemi wani.

Na uku, matatar ƙarfe da yashi. Tsatsa tana kama arsenik. A Nepal an yi wata da kilo 5 na ƙusoshi marasa rufin tutiya a sama, ɓaraguzan jan bulo, yashi mai laushi da tsakuwa a ƙasa. Alif ma da ake sawa ruwa ya kwanta yana ɗan ragewa. Amma aikinsu ya danganta da irin ruwan, wani wuri su yi kyau wani wuri su gaza, don haka duk abin da aka haɗa sai an gwada ruwan da ke fitowa, sannan a maimaita bayan wasu watanni. Lakar da ta taru da tsoffin ƙusoshi a binne nesa da rijiya da lambu.

Sabon foraj fa? Kar kowa ya ce maka zurfi shi ne magani. A Bangladesh masu zurfi sosai, sama da mita 150, su suka fi tsira. A Yatenga kuwa waɗanda suka shiga dutse ne suka fi guba, rijiyoyin hannu na sama suka fi sauƙi. A rubuta a yarjejeniya da mai haƙa cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai sakamakon arsenik ya fito.

9. Duba jikin mutanen gida

In an daɗe ana shan ruwan da ya faɗi gwaji, a duba kowa da rana a fili. Alamun fata sukan fito bayan kamar shekara biyar ko fiye: ɗige-ɗige baƙaƙe gauraye da farare a ƙirji da baya, inda rana ba ta bugu, da kuma ƙulle-ƙulle masu tauri a tafin hannu da tafin ƙafa. Kantar fartanya a inda ƙota ke gugar hannu take tsayawa, wannan kuwa warwatse take a hannu biyu da ƙafa biyu har ga wanda ba ya noma. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, kar a ware wa mutum kwano.

A je asibiti da takardar sakamakon ruwa a hannu, a faɗa wa likita shekara nawa ana sha. Gyambon da ya ƙi warkewa, tari mai daɗewa, ko jini a fitsari, kar a jira. A nan da an ga jini a fitsari sai a ce tsargiya ce a sayi magani a kemis, toh ga babba wanda ya sha magani jinin ya dawo, a duba mafitsara. Gwajin fitsari na nuna arsenik na kwanakin baya-bayan nan ne kawai, kuma ana son a bar cin kifin teku da sadin na 'yan kwanaki kafin a yi don suna ɗaga lambar.

Babu jiƙo ko ƙwaya da ke wanke shi, maganin farko daina sha ne. Mai shan taba ya daina, don taba da arsenik in suka haɗu a huhu haɗarin ya fi na kowanne shi kaɗai. Kuma ko an canza ruwa a ci gaba da lura: a Antofagasta ta ƙasar Chile mutane sun sha ruwa mai sama da mikrogram 800 daga 1958 zuwa 1970, aka gyara ruwan, amma kansar huhu da ta mafitsara suka ci gaba da yawa shekaru gommai bayan nan.

10. Maimaita gwaji

Gwada sau ɗaya a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya yi ƙasa, sau ɗaya kuma bayan damina ta zauna. In duka biyun sun yi ƙasa da 10 sosai, bayan shekara biyu ko uku a sake. A sake nan take in an ƙara zurfin foraj, an sa inji mai ƙarfi a madadin famfon hannu, an buɗe wurin haƙar zinari kusa, ko ruwan ya canza kala. Takardun a ajiye wajen sakataren kwamiti, a ɗauki hotonsu a waya, a liƙa kwafi ɗaya cikin leda a jikin shato inda duk mai ɗiba zai gani.